Tsallake Huɗu, Shiga Na Biyar

Ranar Talatar da ta gabata Anti Saratu ta cika shekara shida da rasuwa. Shekara shida, amma in na rufe ido ba jana'izarta nake gani ba, ba kuma fuskarta ba. Wata mata nake gani durƙushe a ƙofar gidanta da jiƙaƙƙen tsumma, tana goge lambar da na rubuta da alli a jikin bangonta. Matar nan bai fi awa ɗaya ba da ta shimfiɗa mana tabarma, ta zubo mana dafaffiyar gyaɗa, har tana yi wa Anti tsiya wai takalminta ya fi ta gajiya. Na ce, "Sannu da aiki, Mama." Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da gurzar bango kamar mai kankare ƙazanta. Hantsi ne, rana tas, rediyo na waƙa a shagon aski, babu abin da ya canja a layin. Amma a nan gabana ya faɗi, kuma gaskiyar magana har yau bai gama komawa wurinsa ba.

Akwai maganar da na riƙe duk tsawon shekarun nan, bakina ya kasa faɗarta. Na ce bari in gwada ko hannu zai iya.

Sunana Hadiza, ita kuwa Dije take kirana. Ba ita ta haife ni ba, addininmu ba ɗaya ba, garinmu ba ɗaya ba. Gidan haya ɗaya muka zauna a Kakuri, ɗakinta na kallon namu, igiyar shanya ɗaya, famfo ɗaya. Daga Filato ta zo tun tana budurwa ta kama aiki a masaƙa, zamanin da jiniyar kamfani ke tada unguwa da safe. Masaƙa ta tsaya, ba a jima ba mijinta ya rasu, ya bar ta da 'ya ɗaya, Rifkatu, wadda muka tashi tare kamar 'yan biyu. Anti ta soya ƙosai, ta sayar da gwanjo, daga baya ta samu aikin da ta fi so a rayuwarta: bin gida-gida da fom, ana tambayar mutane yadda suke zaune, wane ruwa suke sha, da me suke girki, ina suke kai yaro in zazzaɓi ya kama shi. Wata ƙungiyar bincike ce ke ɗaukar su in aiki ya taso.

Shekarar da na gama sakandare, ina zaman jiran shiga kwalejin horon malamai, ta zo ta durƙusa gaban Babanmu ta ce ya ba ta aron ni.

Baba ya ce, "Saratu, yawo kike so ki koya mata."

Ta ce, "Malam, yawo ne mai takarda. Gwiwata ta fara gardama, idona ma haka. Ita ta ƙirga gidaje, ni in yi surutu. Kuma ƙofar da ta ƙi buɗe wa ɗankwalina za ta buɗe wa hijabinta."

Baba ya yi dariya ya ce, "Amana ce." Ta ce, "Na karɓa." Kalmomi biyu ne, a tsakar gida, Innarmu na tankaɗe. Ba wanda ya ɗauke su da nauyi a ranar.

Kafin a tura mu sai da aka yi mana horo na mako guda a wani zaure a Barnawa. Wadda ta koyar da mu 'yar ƙasar nan ce da ta yi karatu a Amurka, Dokta kawai muke ce mata. Fom ɗin ma can aka tsara shi, aka kawo nan aka mai da shi bakinmu. Ta ce mana su can sun daɗe da wannan aiki, tun zamanin kakanni. Masu bincike su shiga gari su zauna, su tambayi mutane me suke ci, ƙarfe nawa suke tashi, wa ke zuwa coci, tsakanin miji da mata wa ke wanke kwano, sannan a haɗa a fitar da lissafi. Da lissafin nan ake yanke inda za a gina makaranta da asibiti, har da faɗin kujerar mota. Ta ce abin ya shiga jininsu, har mutum yakan buɗe jarida ya duba ko daidai yake da sauran jama'a ko ya fita daban.

Anti ta ɗaga hannu. "Dokta, su ba su da maƙwabta ne? Mu nan in ka fita daban, kafin ka kai bakin famfo an gaya maka."

Aka yi dariya, har da Dokta. Da ta nuna mana yadda ake raba yawan yara da yawan gidaje, lissafi ya ba kowane gida yara kaza da rabi, Anti ta matso kunnena. "Dije, tambaye ta, rabin sama ake ba mutum ko rabin ƙasa? In na ƙasa ne ba na so, wanki ne kawai."

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne ƙa'idar tsallake. Ba kowane gida ake shiga ba. A tsaya a bakin layi, a ƙirga gida huɗu a wuce, a shiga na biyar, ko na wane ne, bukka ko bene. Ba a zaɓe, ba a musanya, ba a jin tausayin ƙafa. Dokta ta ce uwargida ba ta shanye tukunya kafin ta san gishirin miya, ludayi ɗaya ya isa. Anti ta ce, "Haka ne, in an juya miyar." Gidan da aka gama da shi, a rubuta lamba da alli a bango, don mai duba aiki ya zo ya tabbatar ba a gindin mangwaro muka zauna muka cike fom ba. Gidan da ba a samu kowa ba, a rubuta lambar a zagaye ta, alamar za a dawo.

Sai tambayoyin. Tun da ba wanda zai gaya wa baƙo ƙarfin gidansa, fom ɗin ta bayan gida yake zagayowa. Kuna da janareta? Firji fa? Babur ko mota? Mutum nawa suka kwana a gidan nan jiya? Akwai wanda ke aiki a wani gari yana yi muku aike? A zauren Barnawa, fanka na juyawa a kanmu, tambayoyin ba su da wani aibu. Mun cika ɗakin nan, dukanmu 'yan Kaduna, amma ba wanda ya tsaya ya saurare su da kunnen mutumin da aka sace wa ɗan'uwa.

Anti ta iya aikin nan kamar da shi aka haife ta. Ba ta farawa da fom. Ta gaisa, ta tambayi jiki, ta karɓi jariri, ta sa hannu a tsintar wake. In an zo kan tambayar 'ya'ya nawa kika haifa, nawa ke raye, sai ta aje biro a cinya ta jira. Ta ce mini tambayar nan ba a yin ta da biro a hannu. Fom ɗin akwati ne bayan akwati, e ko a'a, ɗaya ko biyu, ita kuwa sai ta cika gefen takarda da ƙananan rubutu: rijiyarsu na ƙafewa tun kafin bazara, tsohuwar gidan na ɓoye ciwon ƙafa don kada a mai da ta ƙauye. Mai duba aikinmu ya yi faɗa har ya gaji, ya ce kwamfuta ba ta karanta gefe. Ta ce, "To ai ba don kwamfuta na rubuta ba."

Game da alli kuwa tana da tata ƙa'idar da babu ita a littafin horo. Ba a rubutu a bangon mutum sai an nemi izininsa, kuma a yi shi ƙarami, ƙasa-ƙasa, kusa da dokin ƙofa. Ta ce bangon mutum fuskarsa ce. Ta gaya mini wannan tun ranar farko, ta maimaita a rana ta biyu. Ba zan ce ban ji ba.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce in da za ta leƙo ta ga yau. Masu bin gida-gida na yanzu da yawansu ba sa ɗaukar takarda, wata faffaɗar waya suke riƙewa, su danna, gidanka ya hau taswira ba tare da an taɓa bangonka ba. Wayar da ke hannuna ta san inda na wuni, ta san wanda na kira, ta san takalmin da na tsaya kallo, kuma ba ta taɓa yi mini sallama ba, ba ta taɓa karɓar jaririn kowa ba. Mu da muka ji tsoron mace mai ciwon gwiwa da guntun alli, mun miƙa wa abin da ba ma gani duk sirrinmu da hannu bibbiyu. Na san dariya za ta fara yi, irin wadda take dafe ƙirji. In ta gama sai ta ce, to yanzu wa ke rubuta gefen takarda?

A ranar, an tura mu wata sabuwar unguwa gaba da Kamazou, inda gari ke ƙarewa daji ya fara. Ba zan kira sunanta ba. Akwai mutanen kirki a cikinta, kuma saboda ɗaya daga cikinsu nake numfashi. Muna sauka daga keke Anti ta ce gidan mai unguwa za mu fara zuwa, haka take yi ko'ina. Aka ce ya tafi ta'aziyya ƙauye tun jiya. Ta kira mai duba aikinmu a waya, ya ce an kai takarda tun makon jiya, mu ci gaba, lokaci na ƙurewa. Daga baya aka ga takardar a gidan mai unguwa, kan talabijin, ko ambulan ba a farke ba. Anti ta kashe wayar. Ta ce, "Ba na son shiga gari ta taga." Amma muka shiga.

Abin da ba mu sani ba, mako biyu kafin zuwanmu 'yan bindiga sun shiga unguwar sun tafi da mutane, kuma har lokacin ba a sako su ba. Magana ta zaga gida-gida cewa ba sa zuwa da ka, sai an riga an leƙa musu, an yi wa gidajen masu hali alama. Rashin sani ya fi dare duhu, mu kuwa da rana kata muka shiga cikinsa da jakar fom.

Gidanmu na farko lafiya. Na biyu babban gida ne mai jan get, a kulle. Na buga, na sake bugawa, ba kowa. Anti na can baya, ta zauna kan wani bulo tana murza gwiwa. Ni kuwa shekarata goma sha takwas, rubutuna mai kyau ne, malamai sun sha faɗa mini, ga get sumul kamar allon aji. Na rubuta lambar da girma, a tsakiya, na zagaye ta tsaf. Har na ja da baya na duba.

Da Anti ta iso ta gani, ta ce, "Dije, wa kika tambaya?"

Na ce, "Ai ba kowa a gidan."

Ta ce, "To shi ya sa."

Ta kama gefen zaninta za ta goge. Na ce mai duba aiki zai ce ba mu zo ba, kuma ni zai yi wa faɗa. Ta dube ni, ta dubi get ɗin, ta sauke hannu. Ashe daga cikin gidan nan ne aka tafi da mutum biyu. Sauran iyalin suka kulle suka koma wurin dangi a cikin gari, maƙwabta na tsare musu.

Na uku shi ne na matar nan mai dafaffiyar gyaɗa. Layin ya ƙare a bakin rafi, dole muka juyo ta inda muka fito, a nan ne muka tarar da mai gyaɗa na goge bangonta. Can gaba kuma, a bakin jan get, maza sun fara tsayawa, ɗaya na ɗaukar hoton lambata da waya. Hanyar zuwa bakin titi ta gabansu take. Anti ta ce ƙasa-ƙasa, "Ki daina waige. Mai gaskiya ba ya sauri." Ta karya kwana ta shiga wani ɗan lungu, kuma wallahi na ji ta tana ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Muka yi sallama a na biyar.

Wata mata ce mai kiwon kaji, ba ta ji abin da ke faruwa a waje ba tukuna. Ta ba mu benci. Anti ta buɗe fom ta fara, muryarta ko rawa ba ta yi. Ƙa'ida ce ba a rubuta suna, lamba kawai ake sawa. Don haka na san da gawayi matar nan take girki, na san ta haifi shida huɗu na raye, na san mijinta direban tifa ne, na san rijiyar maƙwabta suke sha. Sunanta ne ban sani ba, har yau, don ban taɓa iya komawa unguwar ba.

Ba mu kai rabin fom ba hayaniya ta iso bakin lungu. Ba ihu ba ne da farko, irin gunaguni ne na kasuwa in kana jin ta daga nesa. Matar ta leƙa ta dawo, fuskarta ta canja. Ta ce, "Ku ake nema. Wai ku 'yan leƙen asirin ɓarayin daji ne." Anti ta rufe fom. Ta sa hannu a jakata ta ciro allin. Ta kamo yatsuna, ta tofa yawu a gefen zaninta ta goge su ɗaya bayan ɗaya, yadda uwa ke goge wa yaro baki. Sannan ta murza allin a tafinta har ya yi fari. Ta ce wa matar, "'Yar'uwa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Amana ce aka ba ni. Ki sa mini ita wani wuri." Na riƙe mata zani na ce mu ɓuya tare. Ta ce, "In ba su ga kowa ba gidan baiwar Allahn nan za su fasa. Bari in je in yi musu bayani. Ba mutumin da ba ya jin magana in an bi shi a hankali." Da wannan imanin ta yi aiki duk shekarunta, kuma sai a ranar ya ci amanarta.

Matar ta tura ni ɗakin kaji, bayan buhunan dusa, ta jawo wani buhu ta rufe ni, ta sa kwaɗo ta waje. Akwai 'yar taga mai waya a sama, tana kallon lungu. Ban ga komai ba. Ji na yi.

Na ji Anti ta ce, "Sannunku da rana. Wane ne babba a cikinku?" Na ji ta ce ga katinta. Wani ya ce kati ko a shagon hoto ana bugawa. Wani ya ce, "Me ya sa kuka tsallake gidana kuka shiga na maƙwabcina? Me kuka gani a can?" Ta ce, "Ɗana, ƙa'ida ce, huɗu ake tsallakewa." Na ji ta fara bayanin ludayi da tukunyar miya, a hankali, yadda Dokta ta koya mana. Ba ta kai ƙarshe ba wani ya fizge jakar, ya fara karanta fom da ƙarfi don kowa ya ji. Kuna da janareta. Babur ko mota. Mutum nawa suka kwana a gidan nan jiya. Duk tambayar da ya karanta sai taron ya amsa da wata irin ƙara. Tambayoyin da na haddace kamar karatun allo, a bakinsa na ji su karo na farko yadda suke.

Sai wata murya ta ce, "Ina yarinyar? Mai hijabin ce ta yi rubutu a get, an gan ta."

Anti ta ce, "Ba yarinya. Ni na rubuta. Ga allin, ga hannuna, ku duba. Ita jaka kawai take riƙe mini, kuma na sallame ta tun ɗazu."

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Na cusa hijabina a baki na cije. Kaji na ta tsalle a kaina. An ce kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Mutane sukan tambaye ni ko na tsine wa unguwar nan. Na gwada, abin bai zauna ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma su saran bai ko daina jini ba muka zo. Sai dai tsumma ba shi da 'ya, Anti kuwa tana da ita. Haka kuma ban ce ƙirga mutane laifi ne ba. Wanda ba a ƙirga shi ba, ba a gina masa asibiti. Amma an ɗauko awo daga ƙasar da baƙo kan tambayi mutum abin da ya mallaka ya amsa yana murmushi, aka kawo shi inda tambayar kanta wuƙa ce, ba a tsaya an tambayi masu ɗaki inda yake musu yoyo ba. Bayan shekara biyu wata da muka yi horo tare ta turo mini rahoton a waya. Turanci ne, shafi bayan shafi, layuka da zane-zane masu launi. Na bi shi har ƙarshe ina neman ta. A can baya, cikin ƙananan rubutu, an ce akwai yanki ɗaya da ba a kammala ba saboda matsalar tsaro. Wannan layin ita ce. Matar da ta cika gefen takardun mutane da labarinsu, ita ko gefen ba ta samu ba.

Kwalejin malamai ta kira ni a shekarar, ban je ba. Na tsaya gaban allo sau ɗaya a Islamiyyar layinmu, aka miƙo mini alli, hannuna ya ƙi rufuwa a kansa. Yanzu a shagon magani nake, a Kakuri. In na ji taro na gunaguni, ko da 'yan kallon ƙwallo ne, sai na shige bayan kanta. Warin dusa kuwa ba a magana.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kowace shekara a irin wannan mako Rifkatu kan zo gidanmu da kular gwate, ta zauna a ƙofar ɗakin da uwarta ta zauna, ta riƙe mini hannu. Ta yi aure, tana da ɗiya mai sunan Anti. Bara, muna zaune, ta ce, "Dije, abu ɗaya ne ke ci mini rai. Mama da ta san ƙa'ida fiye da kowa, me ya kai ta yin ƙaton rubutu a get ɗin mutane ba izini? Wani lokaci har haushinta nake ji." Na buɗe baki, na ce Allah Ya ƙaddara. Anti ce ta rubuta, haka na gaya wa 'yan sanda, haka na gaya wa Baba har ya koma ga Allah bai sani ba. Anti ta yi ƙarya sau ɗaya don ta tsirar da ni, ni kuwa na mai da ƙaryar tata gidan zama, shekara shida.

Rifkatu, ni na rubuta. Mama ba ta yi ganganci ba. Ta gani, ta yi faɗa, ta ɗaga zani za ta goge, ni na hana ta don tsoron faɗan mai duba aiki. In za ki ji haushi, ga inda za ki kai shi. In kin karanta wannan kin ga ba za ki iya sake riƙe hannuna ba, ba zan ga laifinki ba. Amma kada ɗiyarki ta tashi da jin cewa mai sunanta sakaci ne ya kashe ta.

Me ya rage na Anti Saratu? Fom ɗinta an yayyaga su a lungun nan, masaƙar da ta ba ƙuruciyarta ciyawa ta cinye, ɗakinta wasu 'yan haya ne a ciki. Abin da na ga ya rage kaɗan ne, kuma a jikina yake. In matan allurar rigakafi suka shigo layinmu da akwatinsu da allinsu, ina fitowa. In ba su benci. In tsaya kusa da su suna rubutu a bango, in ɗaga murya yadda har shagon ƙarshe za a ji: ga waɗanda suka zo, ga abin da ya kawo su, ga ma'anar abin da suke rubutawa. Maƙwabta na ce mini mai shela. Su ce. Da an samu mai shela ɗaya a unguwar nan ranar, da yanzu tana zaune tana tsokanar jikarta. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Nata bai faɗi ƙasa ba, a kaina ya faɗo, kuma yana da nauyi.

Na daɗe a ɗakin kajin nan. Azahar ta wuce ni a durƙushe. Ina jin matar gidan a bakin ƙofarta tana rantsuwa da duk abin da ta sani cewa yarinyar ta haura katanga ta bi rafi, ana zaginta tana ramawa, har muryarta ta dishe. Daga baya na ji motoci, na ji muryoyin da ba na ɗazu ba, sannan shiru. Kiran la'asar ya taso daga wani masallaci can nesa, ya ƙare. Wajen ƙarfe huɗu da rabi kwaɗo ya motsa.

Ita ce, da kofin roba a hannu, wata 'yar sanda a bayanta. Ta ce, "Fito, 'yata. Sun watse. Ba mai taɓa ki."

Ban fito ba. Ta shigo ta durƙusa a cikin kashin kaji, ta janye buhun, ta fara tsince mini gashin kaza daga hijabi ɗaya-ɗaya.

Na ce, "Mama, Anti fa?"

Ba ta dube ni ba. Ta miƙo kofin, ta ce, "Sha ruwa tukuna."

A nan na sani. Na karɓa da hannu biyu, na kafa kai. Allah Ya yafe mini, sai da na shanye.